Gadon Jini: Me Ɗa Ke Ɗauka Wajen Uwa, Me Yake Ɗauka Wajen Uba?

'Yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mini a garin Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo.

Mun tashi daga karatun matan aure ke nan, ana ta neman takalma a bakin ƙofa, sai wata baiwar Allah ta riƙo gefen hijabina, da jaririya a bayanta. Ta ce wannan ce 'yarta ta biyar, kuma duka biyar ɗin mata ne. Tun ranar suna uwar mijinta ke faɗi a tsakar gida cewa ai zuri'arsu ce haka, ita ma uwarta mata ta zubo. Ta ce da ni, "Malama, don girman Allah ki gaya mini gaskiya, daga wajena ne?" Kafin in buɗe baki, wata da ke tsaye kusa da mu ta ce ita kuma 'ya'yanta biyu masu amosanin jini ne, wato sikila, kuma dangin miji sun ce ita ta shigo musu da ciwon gida.

Duk tambayoyin biyu tushensu ɗaya, shi ne yadda ɗa ke gadon iyayensa a jini. Na amsa musu a taƙaice a wannan rana, amma na ga ya kamata a zauna a warware maganar sosai, domin gidajen da irin wannan zargi ke hana mace barci suna da yawa.

GADO IRI BIYU

Idan aka ce gado, abin da ke fara zuwa ranmu shi ne rabon dukiyar mamaci, wanda Allah Ya yi bayanin kasonsa a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Wannan hukunci ne na shari'a, malamai ke lissafa shi, mutane ke zartarwa. Akwai kuma gado na biyu wanda babu alƙali ko malamin da ke raba shi, ana yin sa tun iyaye suna da rai, a cikin mahaifa. Shi ne gadon kama da tsawo da launin fata da rukunin jini da wasu cututtuka. Mu da awakinmu da tumakinmu da shanu da jakuna, har da kyanwa da ɓera, duk tsari ɗaya muke bi a nan, domin dukkanmu masu shayarwa ne. Shi ya sa yawancin abin da masana suka gano game da ɗan Adam, a jikin dabbobi suka fara ganinsa.

ƘA'IDAR RABI DA RABI

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa da masana ke kira kuromosom, mu kuma a wannan darasi za mu kira su zaren gado. Ki ɗauki kowane zare kamar carbi, duwatsun da ke jikinsa kuwa su ne ƙwayoyin gado, kowace da aikinta. Mutum yana da zare 46, bibbiyu bibbiyu, wato tagwaye 23. A kowane tagwai, ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba. Akuya da saniya suna da 60, tunkiya 54, ɓera 40.

Ke nan kowace ƙwayar gado guda biyu gare ki, kuma ba lallai su zama iri ɗaya ba. Idan jiki zai yi ƙwan haihuwa ko ƙwayar maniyyi, sai a raba tagwayen nan, a sa guda ɗaya kawai daga kowane tagwai. Wanne za a sa? Kamar a jefa kwabo sama ne, ko kai ko gindi, kashi 50 cikin 100. Wani malamin majami'a mai suna Gregor Mendel ne ya fara gano wannan ƙa'ida a gonar wake, a garin Brno na ƙasar Cek ta yanzu, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1866.

Wannan ita ce ƙa'ida ta gaba ɗaya, kuma mafi yawan ƙwayoyin gadonmu, waɗanda suka kai kimanin 20,000, ita suke bi. Amma akwai wurare biyar da rabon ba ya zuwa daidai wa daida. Sanin waɗannan wurare shi zai amsa mana tambayar 'yan uwan nan biyu.

NA FARKO: NAMIJI KO MACE

Tagwai na 23 shi ne na jinsi. Mace tana da zare biyu iri ɗaya, ana kiransu X da X. Namiji yana da X ɗaya da wani ɗan guntu da ake kira Y. To, 'yar uwa, ki lura da kyau a nan. Tunda ke X biyu gare ki, duk ƙwan da jikinki zai fitar X ne a ciki, babu yadda za a yi ki ba da abin da ba ki da shi. Maigida kuwa rabin ƙwayoyin maniyyinsa X suke ɗauke da shi, rabi Y. Idan mai X ta riga isa ga ƙwai, mace za a haifa. Idan mai Y ce, namiji. Wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, na cikin waɗanda suka fara gano haka a 1905, sa'annan a 1990 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke jikin zaren Y mai juya halittar ɗan tayi zuwa namiji.

Ke nan zaren Y gado ne na maza zalla, daga uba zuwa ɗa, daga ɗa zuwa jika, bai taɓa bi ta jikin mace ba. Maganar cewa wance ta gaji haihuwar mata wajen uwarta ba ta da tushe. Amma fa kada mu juya zargin kan maigida, domin shi ma ba shi ke zaɓa ba. Miliyoyin ƙwayoyi ne ke tsere, ba ya ganinsu balle ya umarce su. A duniya baki ɗaya ana haifar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100. Haihuwar mata biyar a jere kuwa, a lissafi, tana faɗawa kusan gida 1 cikin kowane gida 32 masu 'ya'ya biyar, haka nan ma maza biyar a jere. A gari kamar Garo ko Gwarzo, ki ƙirga gidaje, dole a samu masu irin wannan da dama, ba tare da wani ciwo ko sammu ba.

NA BIYU: ABIN DA ƊA NAMIJI KE KARƁA WAJEN UWA KAƊAI

Tunda uba Y yake ba ɗansa namiji, zaren X ɗaya tilo da yaron ke da shi na uwarsa ne. Shi kuwa zaren X babba ne, ƙwayoyin gado ɗaruruwa ke jikinsa. Idan aka samu tangarɗa a ɗayansu, 'ya mace tana da X na biyu da zai rufa mata asiri, amma ɗa namiji ba shi da madadi. Shi ya sa wasu cututtuka suka fi bayyana ga maza, alhali ta wajen mata suke ratsowa.

Biyu daga ciki sun shafe mu kai tsaye. Na ɗaya shi ne ƙarancin wani sinadari a cikin jini da likitoci ke kira G6PD, wanda ya yawaita a Nijeriya. Jaririn da ke da shi, idan ya shaƙi ƙwallon kafur ɗin da muke jefawa cikin akwatin kayan jarirai, ko aka shafa masa lalle a jiki, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Na biyu shi ne ciwon rashin daskarewar jini, wanda ake kira himofiliya. Wannan ba shi da yawa, amma haɗarinsa babba ne ranar kaciya. Babban likitan Musulunci na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya ba da labarin wasu mutane da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni, a cikin littafinsa At-Tasrif. Don haka idan a cikin kawunnan yaro, wato 'yan uwan uwarsa maza, an taɓa samun wanda jini ya ƙi tsaya masa, a gaya wa likita kafin a kira wanzami.

A nan wani zai ce, to ga shi dai ta wajen uwa ya zo. Haka ne, amma ita a ina ta samu? Ko dai wajen uwarta, ko kuma wajen ubanta, domin uba mai irin wannan tangarɗa duk 'ya'yansa mata yake ba, ba ya ba maza ko ɗaya. Zaren yana yawo ne tsakanin maza da mata, zuri'a bayan zuri'a.

Ga wani abin lura a tsakar gidanki. Kyanwar da ke da launi uku, fari da baƙi da ja-ja, kusan kullum mace ce. Dalili shi ne ƙwayar gadon baƙi da ta ja-ja duk a jikin X suke, sai mai X biyu ke iya haɗa su. Wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ita ce ta yi bayani a 1961 cewa a jikin mace kowace ƙwayar halitta tana kwantar da X ɗaya ta yi aiki da ɗaya, shi ya sa launin ke fitowa dabbare-dabbare.

NA UKU: GADON DA UWA KAƊAI KE BAYARWA

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan abubuwa masu aiki kamar murhu, su ke ƙona abincin da muka ci su mayar da shi ƙarfi. Sunansu mitokondiriya. Suna da nasu ɗan zaren gado daban, mai ƙwayoyin gado 37. Ƙwan mace cike yake da su, na maniyyi kuwa kaɗan ne, kuma bayan shigar ciki sai su lalace. A 1980 masana a Amurka suka tabbatar cewa ɗan Adam wajen uwa kaɗai yake gadon su.

Wato ke da yayyenki maza da ƙannenki, duk murhun mahaifiyarku ne a jikinku, ita ma na kakarku ta ɗauko. 'Ya'yan ɗan uwanki namiji kuwa na matarsa za su ɗauka. Ɗa sunan ubansa yake amsawa, kuma haka shari'a ta tsara, amma wannan kaso na uwa ne ita kaɗai. Haka abin yake ga akuyar da aka ba ki kiwo: duk 'ya'yan da za ta haifa, da jikokinta ta wajen 'ya'ya mata, murhunta suke ɗauke da shi, kowane bunsuru ne ya yi barbarar.

NA HUƊU: ƘWAYAR DA KE TUNA INDA TA FITO

Akwai wasu 'yan ƙwayoyin gado waɗanda yaro yana karɓar su daga ɓangarorin biyu, amma guda ɗaya ce ke aiki, ɗayar an rufe mata baki. A wasu ta uba ce ke aiki, a wasu ta uwa. Kamar dai an buga musu tambari ne tun a jikin iyaye. A 1984 masana biyu da abokan aikinsu, Azim Surani a Ingila da Davor Solter a Amurka, suka gwada haɗa ɗan tayin ɓera da gadon uwa biyu babu uba, ko na uba biyu babu uwa. Duk ba su rayu ba. Sai an haɗa na namiji da na mace sa'annan halitta ke cika.

Masu kiwon ragon layya za su ji daɗin wannan misali. A 1983, a jihar Oklahoma ta Amurka, an haifi wani rago mai ƙaton ɗuwawu da cinyoyi cike da tsoka. Da aka bi zuri'arsa sai aka ga abin mamaki, wanda aka yi bayaninsa a 1996. Ɗan ragon da ya gaji wannan ƙwaya wajen ubansa kaɗai, shi ke yin tsokar. Wanda ya gaje ta wajen uwarsa ba ya yi. Wanda ya gaje ta daga ɓangarorin biyu, shi ma ba ya yi. Ƙwaya ɗaya ce, amma ƙofar da ta shigo ta nan ita ke sa ta yi aiki ko ta yi shiru.

Mu ma muna da namu misalin, wato alfadari. Jaki yana da zare 62, doki 64, ɗansu 63, shi ya sa galibi ba ya haihuwa. Idan jaki ne ya hau goɗiya, a kan samu alfadari babba mai ƙarfi. Idan kuwa ingarma ne ya hau jaka, ɗan da za a samu yakan fi ƙanƙanta. Iyayen dai doki da jaki ne a duka biyun, amma waye uwa waye uba ya kawo bambanci.

NA BIYAR: ƘWAYOYIN GADO MASU HA'INCI

Wannan shi ne mafi ban mamaki, kuma a jikin ɓeran gida aka fi saninsa. A 1927 wata masaniya da ke aiki a birnin Paris, Nadine Dobrovolskaia-Zavadskaia, ta ci karo da wasu ɓeraye masu guntuwar wutsiya. Bin diddigin wannan ya kai masana ga wani gungu na ƙwayoyin gado a zare na 17 na ɓera, wanda suka sa wa harafin t. Namijin ɓeran da ke da t ɗaya da lafiyayye ɗaya, bisa ƙa'idar Mendel rabin 'ya'yansa ya kamata su gaji t. Amma da aka ƙirga sai aka ga kashi 90 cikin 100 ne ko fiye suke gada, wani lokaci har 99.

Yaya yake yi? Mary Lyon ɗin nan da muka ambata ita ta kawo bayanin a 1984, bincike na baya kuma ya gaskata ta. Tun ƙwayoyin maniyyi suna haɗuwa a jikin ɓeran, gungun t yana fitar da wani abu kamar guba wanda ke shiga dukkansu, ya rikita musu iyo, su riƙa kewaye wuri ɗaya. Amma makarin gubar yana nan a wajen masu ɗauke da t kaɗai, ba ya ratsawa zuwa sauran. Sai su miƙe su isa ga ƙwai, 'yan uwansu na can suna dimuwa. Kamar mai tallar da ta zuba wa tuwon kowa yashi, ta keɓe nata.

A jikin mace ma akwai irin wannan, sai dai hanyar daban ce. Idan jikin namiji zai yi maniyyi, ƙwaya ɗaya takan rabu gida huɗu kuma duka huɗun su yi aiki. A jikin mace kuwa kaso ɗaya ne kawai ke zama ƙwai, sauran su shanye. Don haka duk zaren da ya iya juyawa ya faɗa ɓangaren ƙwai ya ci riba. A 2017 masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka nuna yadda wasu zaruruwa masu kaurin ƙugu a jikin macen ɓera ke yin wannan juyi, su shiga ƙwai kusan sau 60 cikin 100 maimakon 50. A 2019 kuma wasu masana a San Diego suka ƙirƙiri irin wannan rinjaye da hannunsu a ɗakin gwaji. Ya yi aiki a jikin matan ɓeraye kaɗai, inda gadon ya kai har kashi 86 cikin 100.

Sai ki tambaya, to me ya hana duk ɓerayen duniya zama masu t? Allah Ya sa wa abin linzami. Ɗan da ya gaji t daga uwa da uba duka, ko dai ya mutu tun a ciki, ko kuma in namiji ne ya tashi ba ya haihuwa. Sa'annan macen ɓera takan sadu da namiji fiye da ɗaya, kuma maniyyin mai t, da yake rabinsa a rikice yake, ba ya iya gasa da na lafiyayyen namiji. Shi ya sa t yake nan a cikin ɓerayen gida, amma bai mamaye su ba.

A wajen ɗan Adam, masu bincike sun duba iyalai masu yawa, ba a tabbatar da wata ƙwaya mai rinjaye mai ƙarfi irin ta ɓera ba.

TO, SIKILA FA?

Yanzu mu dawo ga 'yar uwar nan ta biyu. Sikila ba ta cikin ɗaya daga wuraren nan biyar. Ba a jikin X take ba, ba a murhun uwa take ba, kuma ba ta ha'inci. Ƙa'idar rabi da rabi take bi tsantsa. Yaro ba zai zama SS ba sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, S ɗaya daga uba. Duk gidan da aka haifi mai SS, uwa da uba kowa ya kawo rabinsa, ko da kuwa dukkansu lafiyarsu ƙalau.

Idan AS ta auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zama SS, kaso 2 cikin 4 na zama AS, kaso 1 cikin 4 na zama AA. Na ce kowane ciki, domin nan ne mutane ke kuskure. Za ki ji an ce, "ai mun riga mun haifi mai ciwon, ukun da za su biyo baya lafiyayyu ne." Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon jefa kwabo ne. A cikin gidaje 100 na AS da AS masu 'ya'ya huɗu, kimanin 32 ba za su samu mai SS ko ɗaya ba, kimanin 21 kuma za su samu biyu. Akwai kuma wani nau'i mai suna C, wanda idan ya haɗu da S ya zama SC, shi ma ciwo ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2006, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya na ɗauke da S, kuma ana haifar jarirai kusan 150,000 masu ciwon a ƙasar kowace shekara. Me ya sa ta yi yawa haka tunda ba ta ha'inci? A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kakanninmu masu AS sun fi rayuwa har su hayayyafa, shi ya sa S ta yaɗu a ƙasashen sauro. Wannan ba ya nufin mai AS ya bar kwana cikin gidan sauro, shi ma zazzaɓin na kama shi.

ABIN DA ADDINI YA KOYA MANA

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin wani mutum da ya zo wa Manzon Allah (SAW) cikin damuwa, saboda matarsa ta haifi yaro baƙi alhali shi ba baƙi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi game da raƙumansa da launinsu. Ya amsa cewa jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a cikinsu. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya fito, shi da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Sai Manzon Allah (SAW) ya nuna masa cewa ɗansa ma haka zai iya kasancewa, bai kuma ba shi damar kore ɗan ba. Ki duba yadda aka wanke wannan mata daga zargi da misalin dabbar kiwo. Haka nan a hadisin Ummu Sulaim (RA), Manzon Allah (SAW) ya tabbatar cewa mace na da nata kason a halittar ɗa, kuma ta nan ne ɗa ke kama da uwarsa.

Game da haihuwar mata kuwa, a karanta Suratush Shura aya ta 49 da ta 50, inda Allah Ya bayyana cewa 'ya'ya mata da maza duk kyautarsa ce, Shi ke rabawa yadda Ya so, har ma Ya fara ambaton mata. A kuma karanta Suratun Nahli aya ta 58 da ta 59, inda aka zargi ɗabi'ar jahiliyya ta ɓata rai idan an yi albishir da 'ya mace. Uwar miji ko kishiya ko dangin da ke goranta wa mace haihuwar mata, su yi hattara, da Mai rabon suke jayayya. Kuma masana uku daga cikin waɗanda muka ambata a darasin nan mata ne, 'ya'yan wasu ne da aka bari suka yi karatu. Mu ma mu bar namu su yi.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. A yi gwajin jinotayif tun kafin magana ta yi nisa, kafin a kai gaisuwa ko a sa rana. Tun watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar Jihar Kano da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da jinotayif da ciwon hanta da ƙanjamau. Mafi alheri iyaye su san na 'ya'yansu tun suna ƙanana, domin rabuwa bayan an shaƙu tana da zafi. A yi gwajin a asibitin da aka amince da shi, kada a sayi takarda.

2. Masu auren zumunci su fi kowa kulawa, domin 'yan uwa sun fi yiwuwar ɗaukar ƙwaya iri ɗaya daga kaka ɗaya.

3. Wadda ta riga ta haifi mai sikila ta riƙe asibiti, ta kiyaye shi daga sauro da sanyi da ƙishirwa, ta kuma kai shi da zarar zazzaɓi ya taso. Babban asibitin Gwarzo na kusa da mu, a birni kuma akwai asibitin yara na Hasiya Bayero da na Malam Aminu Kano.

4. A daina sa ƙwallon kafur cikin kayan jariri, a daina sa masa lalle. Idan idonsa ko fatarsa suka yi rawaya a kwanakin farko, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

5. Mu kame bakinmu daga ɗora wa juna laifin abin da ba wanda ya zaɓa. Malamai mata su shigar da wannan cikin wa'azin gidan suna da na walima, a kuma nemi limamai su isar wa maza, tunda da su ake yin abin.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa mace ba za ta iya ba ɗanta zaren Y ba?
2. AS ta auri AA. Za su iya haifar mai SS? Me ya sa?
3. Wane darasi za mu ɗauka daga hadisin mai raƙuma game da zargin matar aure?

Ita dai 'yar uwar nan mai 'ya'ya mata biyar, na roƙe ta ta zo da uwar mijinta karatu mako mai zuwa, domin ta ji da kunnenta, a cikin mutunci, ba tare da an kama sunan kowa ba. Ku ma duk wadda ta karanta wannan ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini. Allah Ya shirya mana zuri'a, maza da mata, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba waɗanda ba su samu ba masu albarka.